Wa ya leƙa cikin ƙasa har aka ce narkakken ƙarfe ne?

Baffa: Salamu alaikum. Yarona ya dawo daga makaranta yana cewa wai can tsakiyar duniya narkakken ƙarfe ne. Ni dai ban gamsu ba. Ramin da ya fi kowane zurfi, na Kola a Rasha, kilomita 12 ne da 'yan kai, alhali zuwa cibiya ya haura kilomita 6,300. Wa ya je ya gano?

Malama: Wa alaikumus salam, Baffa. Ba wanda ya je. Amma ai mai sayen tulu ƙwanƙwasawa yake yi, amon ya gaya masa ko akwai tsaga. Girgizar ƙasa ce ke ƙwanƙwasa mana duniya, na'urori kuma suna saurare a kowace nahiya.

Injiniya: Igiyoyin girgiza iri biyu ne ke nutsawa cikin ƙasa, ana kiran su P da S. P tana tura abu gaba da baya, ta ratsa dutse ta ratsa ruwa. S kuwa gefe da gefe take kaɗawa, kuma ruwa ba ya ɗaukar irin wannan kaɗawa. In aka yi babbar girgiza, tashoshin na'urorin da suka wuce digiri 104 daga wurin (in aka raba zagayen duniya digiri 360) ba sa samun S kai tsaye. Ke nan narkakken abu ne ke tare ta, yana zurfin kilomita 2,900.

Baffa: To ba nisa ne ya cinye mata ƙarfi ba?

Malama: Da nisa ne, Baffa, da ba mu ga abin da P ke yi ba. Ita ma takan ɓace tsakanin digiri 104 da 140, sannan ta ɓullo gaba a makare, don ta shiga wurin da ya rage mata gudu, ya karkatar da ita.

Auta: Yaya Injiniya, ni kuma na karanta cewa can ƙurya sandararre ne. Wanne za mu kama?

Injiniya: Duka biyun. A 1936 Inge Lehmann, 'yar ƙasar Denmak, ta lura da raunanan igiyoyin P a yankin da ya kamata a ji shiru, daga girgizar Niyu Zilan ta 1929. Ta ce akwai wata ƙwaya a cikin cibiyar da ke dawo da su. Daga baya aka tabbatar daskararriya ce.

Baffa: Narkakke na yarda. Amma ƙarfe? Igiya ba ta faɗin sunan abin da ta ratsa.

Malama: Gaskiyarka, ita kaɗai ba ta faɗa. Sai dai duniya ɗungurungum ta ninka nauyin ruwa mai girmanta sau 5.5, duwatsun da muke takawa kuwa ba su cika kai sau 3 ba. Dole akwai abu mai nauyin gaske a ciki.

Baffa: Mai nauyi ai ba ƙarfe kaɗai ba ne, Malama. A kawo mini hujjar wannan.