Ana iya sauya taken karatu ana tsaka da yaɗa shi kai-tsaye?

Mai Kyamara, Gwammaja:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa masu sanin wannan fanni, ina neman shawararku a kan wata matsala da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni kwamitin masallacin unguwarmu ya ɗora wa alhakin yaɗa karatun tafsirin da ake yi tsakanin Magariba da Isha'i. Muna yaɗawa a YouTube ta kwamfuta da manhajar OBS, wani ƙanena kuma yana ɗauka da waya zuwa shafinmu na Facebook.

Sau da yawa sai an zauna, mai jan baƙi ya riga ya fara, sannan abin da ake yi ya saɓa wa abin da muka rubuta a take. A makon jiya mun rubuta Suratul Kahfi, sai Malam ya kammala ayoyin ƙarshe da wuri ya shiga Suratu Maryam, har aka tashi take yana nan a kan Kahfi. Wani lokaci kuma tafiya takan kama Malam, na'ibinsa ya zauna a madadinsa, alhali sunan Malam ne a rubuce. Abin da muke yi shi ne mu tsayar da yaɗawar mu buɗe sabuwa da taken da ya dace, amma duk ranar da muka yi haka masu kallo watsewa suke yi, linkin da muka tura zaurukan WhatsApp ya daina kai mutane wurin karatun, sannan zama ɗaya ya rabu gida biyu. Shin akwai hanyar da za a gyara take ba tare da an katse karatun ba, kuma idan an gyara, linkin zai canja?

Injiniyan Sauti, Fagge:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ana iya gyarawa, kuma babu buƙatar ka tsayar da komai. Abin da OBS take aikawa zuwa YouTube hoto ne da sauti kawai, ta hanyar makullin yaɗawa, wato doguwar lambar sirrin nan da ka kwafo daga tasharku ka saka a cikin manhajar. Take da bayanin da ke ƙarƙashinsa da hoton fuskar bidiyo ba sa bin wannan hanya, a wurin YouTube suke ajiye. Tamkar allon da ke saman ƙofar shago ne, mai shago yana iya sauke shi ya ɗora wani alhali ciniki yana gudana a ciki.

Ga yadda za ka yi. Yayin da karatu yake tafiya, ka bar OBS yadda take, ka koma shafin YouTube Studio da ke nuna maka hoton da ke fita da adadin masu kallo. A kusa da taken akwai maɓallin da aka rubuta Edit, idan ka danna shi zai buɗe maka gurbin take da na bayani, sai ka goge abin da kake son gogewa, ka rubuta sabo, ka danna Save. Kada hannunka ya kai ga maɓallin kammala yaɗawa, domin shi ma a wannan shafin yake, kuma shi kaɗai ne zai yanke muku karatun. Take ba ya wuce haruffa 100, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, bayani kuwa yana ɗaukar har 5,000.

Game da linki, hankalinka ya kwanta. Kowane bidiyo a YouTube yana da lambarsa mai haruffa 11 da ke ƙarshen adireshinsa, kuma wannan lamba ba ta da alaƙa da take, ko sau nawa aka sauya shi tana nan. Abin da yake kashe muku linki shi ne buɗe sabuwar yaɗawa, domin ita sabuwar lamba ake ba ta.

Sai dai akwai abin da gyara ba ya iya kamowa, kuma ya kamata ka san shi tun yanzu don kada ka ɗauka gyaran bai yi aiki ba. Sanarwar da ta riga ta shiga wayoyin mabiya tasharku a lokacin da kuka fara, da tsohon taken ta tafi, kuma haka za ta zauna. Haka ma ɗan hoton nan da rubutun da ke fitowa a saman linki a WhatsApp, a lokacin da aka tura saƙon ake haɗa su, ba sa sabunta kansu daga baya, ko da yake duk wanda ya danna zai isa wurin karatun ya tarar da sabon take. Wanda kuma yake cikin kallo tun farko, mai yiwuwa sai ya fita ya sake shigowa kafin ya ga canjin. Saboda haka idan canjin babba ne, ka bi linkin da gajeren saƙo a zaurukan, ka kuma rubuta a wurin hirar masu kallo ka kafe shi a sama.

Hajiya, Gandun Albasa:

Allah ya saka wa Injiniya da alheri. Ni ba ma'abociyar na'ura ba ce, mai sauraro ce, amma ina so ɗana mai tambaya ya ji yadda abin yake daga ɓangarenmu. Mahaifiyata ta tsufa, ba ta iya fita masallaci, a waya nake kunna mata karatu bayan ta idar da sallah, kuma ba ta karanta boko, ni nake duba take in gaya mata wanda zai yi karatu da surar da ake ciki. Ranar da na ce mata wane ne, sai ta ji muryar wani, ba ta cewa komai a kan malamin da ya zauna, amma takan ajiye carbinta ta tambaye ni ko na yi kuskuren tasha, kuma hankalinta ba ya dawowa kan karatun sai an yi nisa.

Don haka a ganina batun sunan mai karatu ya fi batun sura nauyi nesa ba kusa ba. Idan na'ibi ne ya zauna, a rubuta sunansa tun kafin ya gama addu'ar buɗewa, domin haƙƙinsa ne a san shi ya yi karatun, kuma haƙƙin Malam ne kada a jingina masa maganar da ba shi ya yi ba. Bidiyon nan yana zama bayan an tashi, wani zai yanko wani yanki ya yaɗa, ya ce ga fatawar Malam wane, hujjarsa kuwa ita ce abin da kuka rubuta a sama da hannunku. A garin nan mun san yadda magana ɗaya da aka ɗora a bakin malami take iya tayar da ƙura tsakanin almajirai. Tunda Injiniya ya nuna cewa gyaran ba ya ɗaukar lokaci, ina roƙonka, ɗana, kada ka jinkirta shi har a tashi.

Mai Gyaran Waya, Farm Centre:

Malam, bari in ƙara a kan ɓangaren Facebook, tunda Injiniya ya gama da YouTube. A can ma rubutun da ke saman bidiyo daban yake da hoton da ke fita, kuma ana gyara shi kamar yadda ake gyara kowane rubutu da aka wallafa a shafi: a danna ɗigo ukun da ke saman kusurwa, a zaɓi gyara, a adana. Matsalar tana wurin wayar da ke ɗauka. Idan ƙanenka ya fita daga fuskar ɗauka don ya je ya gyara rubutu, hoton yakan tsaya, ga shi kuma wayar tana kan ƙafarta an saita ta a kan Malam, taɓa ta kaɗai ya isa ya girgiza hoton. Wayar da ke ɗauka a ƙyale ta da aikinta, gyara kuma a yi shi da wata waya ko da kwamfutar da ke gabanka.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake yawan gani a shago, wato mutum biyar suna riƙe da kalmar sirri ɗaya ta shafin masallaci ko ta makaranta, ranar da aka sami saɓani ko aka sace wayar ɗaya daga cikinsu sai shafin ya salwanta gaba ɗaya. Babu buƙatar haka. Facebook yana ba mai shafi damar ƙara wani a matsayin mai kula da shafin da asusunsa na kansa, YouTube Studio ma yana da sashen izini inda za ka gayyaci mutum ta adireshinsa na imel ka ba shi matsayin edita, ya iya gyara take da bayani ba tare da ya san kalmar sirrinka ba, kuma duk ranar da ya bar aikin ka cire shi. Ku samu mutum ɗaya natsattse da zai zauna kusa da mai jan baƙi, aikinsa kawai lura da inda aka kai da gyara rubutu.

Wani abu kuma da bai kamata ya wuce ku ba: tun daga 19 ga Fabrairun 2025, Facebook kwana 30 kawai yake ajiye bidiyon da aka yaɗa kai-tsaye, daga nan ya goge shi. Ma'ana, taken da zai daɗe mutane suna nema shi ne na YouTube, inda yaɗawar da ba ta kai awa 12 ba take zama a tasha bayan an kammala. A can ya kamata ku fi zuba ƙoƙarinku, na Facebook kuma idan kuna son sa ku sauke shi kafin wa'adin ya cika.

Malamin Makaranta, Ɗorayi:

Na yarda da Hajiya ɗari bisa ɗari a kan sunan mai karatu, amma a kan sauyin sura ina da ra'ayi daban, kuma ina fatan za a yi mini uzuri. Idan Malam ya yi rabin zama a Kahfi ya yi rabi a Maryam, sai ka goge Kahfi ka rubuta Maryam, ba ka gyara komai ba, ka dai mayar da kuskuren ɗaya ɓangaren ne, domin ɗalibin da zai zo bayan wata shida yana neman tafsirin aya ta 110 ta Kahfi ba zai same ta ba. Abin da ya fi shi ne a ƙara, a rubuta ƙarshen Kahfi da farkon Maryam, kuma wannan ƙarin yana iya jira har a yi sallar Isha'i, lokacin da ka san ainihin ayar da aka tsaya a kanta.

Ni da zan tsara muku, da na raba take kashi biyu. Kashin farko abin da ba ya canjawa da zarar an zauna, wato nau'in karatu da sunan mai yin sa. Kashi na biyu abin da sai an tashi ake tabbatar da shi, wato sura da lambobin ayoyi da kwanan wata, na Hijira ko na Miladiyya, muddin dai kun tsaya a kan tsari ɗaya. A fuskar waya farkon take kawai ake gani, ragowar yankewa yake yi, don haka kada ku cinye gurbin da kalmomi irin su "kai-tsaye" ko "yanzu-yanzu", waɗanda YouTube da kansa yake nunawa da jan tambari, kuma washegari sun zama ba gaskiya ba. Haka nan ku nisanci taken tayar da hankali da wasu tashoshi suke sa wa karatun malamai don jawo 'yan kallo. Ban da rashin dacewarsa da majalisin ilimi, dokokin YouTube sun hana take ko hoton da ke yaudarar mai kallo game da abin da ke cikin bidiyo.

Ga zaman da ya haɗa surori biyu kuwa, akwai abin da ya fi take amfani. Bayan an kammala, ka shiga gurbin bayani ka jera lokuta, kowanne a layinsa: 0:00 buɗewa, sannan mintin da aka fara Kahfi, sannan mintin da aka shiga Maryam, sannan tambayoyi idan an yi. Sharaɗin shi ne na farko ya zama 0:00, su kai uku ko fiye, kowane yanki kuma kada ya gaza daƙiƙa 10. YouTube zai yanka bidiyon babi-babi, ɗalibi ya danna ya faɗa daidai inda yake nema.

Mai Kyamara, Gwammaja:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Hajiya kuma in sha Allahu za a kiyaye, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Daren jiya na gwada abin da Injiniya ya faɗa, na gyara take ana cikin karatu, hoto bai ko motsa ba. Saura abu ɗaya: me ya sa wani lokaci idan na danna fara yaɗawa a OBS, sai karatun ya fita da taken zaman da ya gabata, alhali ban rubuta shi ba?

Injiniyan Sauti, Fagge:

Amin, ɗan'uwa. Dalilin shi ne kana amfani da makullin yaɗawa guda ɗaya a kowane zama, shafin yaɗawa na YouTube Studio kuma yana riƙe da take da bayani da hoton da aka yi amfani da su a karon ƙarshe. Idan ka danna farawa a OBS ba ka leƙa can ba, da su zai fita, kuma da su sanarwa za ta tafi wayoyin mutane, wadda ita ce ba ta gyaruwa. Mafita ita ce ka riƙa tsara zaman tun bayan La'asar a sashen tsara yaɗawa na gaba, ka rubuta take, ka saka lokaci, ka ɗauki linkin ka tura zauruka tun kafin a kira Magariba. Idan an idar da sallah ka ga wanda ya nufi kujerar karatu, ka duba take sau ɗaya, ka gyara suna idan da buƙata, sannan ka danna farawa.