Neman shawara: ta yaya ake gwada sabuntawa ta atomatik kafin a tura wa kwastoma?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina Birnin Kebbi, na haɗa manhajar kwamfuta da Electron (kayan aikin gina manhajojin kwamfuta) wadda dillalan shinkafa da taki ke rubuta bashi da ita. Tana kan kwamfutoci bakwai, a nan gari da Jega da Argungu. Duk gyaran da na yi, komai ƙanƙantarsa, sai na hau mota da filas a aljihu. Na gaji, shi ne na sa electron-updater, wanda ke sa manhaja ta sauko da sabon fasali da kanta. To amma in na kunna manhajar daga inda nake rubuta ta, ko motsi ba ta yi wajen neman sabon fasali. Na biyu, ran Talata na girka wa wani Alhaji a Jega, sai Windows ta fito da shuɗin gargaɗin nan na SmartScreen, mai cewa ba ta san manhajar ba. Ya ja kujerarsa baya ya ce, "Yaro, bairos ka kawo mini?" Dole ne sai na sayi satifiket na sa hannu, wato shaidar da ke nuna wanda ya wallafa manhajar? Ku taimaka.

Bagusaye: Wa alaikumus salam. Ba ta lalace ba, haka aka gina ta: muddin ba a naɗe manhaja ta zama fayil ɗin girkawa ba, tsallake binciken take yi. Kana iya tilasta mata da fayil ɗin dev-app-update.yml da saitin forceDevUpdateConfig, amma ni ban yarda da wannan gwajin ba, rabin hanya yake kai ka. Ka gina 1.0.0 ka girka ta sosai kamar kwastoma. Ka ɗaga lamba zuwa 1.0.1 a package.json, ka sake ginawa, ka zuba exe ɗin da latest.yml da blockmap, fayilolin da ginin ya fitar, a folda ɗaya, ka tayar da ƙaramar saba a kwamfutarka. Sannan ka buɗe tsohuwar ka zuba ido. In GitHub kake amfani da shi, ka tabbata ka wallafa sakin, ba ta ganin wanda aka bari a daftari. Kwana biyu wannan ya cinye mini.

Ɗan Yauri: Malam, maganar satifiket kada ka yi gaggawa. A Windows sabuntawa na tafiya ko babu sa hannu, Mac ce ba ta yarda sam, ga dala 99 duk shekara ga Apple. Don gwaji ka ƙirƙiri naka da New-SelfSignedCertificate a PowerShell, amma kwamfutar da ka shigar da shi kaɗai za ta amince. Satifiket na saye kuwa, tun 1 ga Yunin 2023 ba a ba da mabuɗinsa na sirri a matsayin fayil, sai cikin wata 'yar na'ura mai kama da filas ko a sabar kamfanin, ga biya da dala. Kuma gargaɗin Alhajinka ba lallai ya ɓace ran farko ba, sai manhajar ta yi suna wurin Microsoft. Abin da za ka kiyaye: da ka fara sa hannu, sunan mawallafi ya zauna. In ya canza, tsofaffin kwamfutocin za su ƙi karɓar sabon.

Wata daga Talata Mafara: Ƙanena, duk ba wannan ke ba ni tsoro ba. Ka cire intanet ana tsakiyar saukewa ka gani, ka kashe wuta ka gani. Mu da aka rufe wa layukan waya a 2021 mun san darajar manhajar da ke aiki babu netwok. Kuma ka gwada da kwafin bayanan gaske. In sabon fasali ya goge bashin buhu ɗari biyu, ba SmartScreen Alhaji zai tambaye ka ba.

Mai tambaya: Na gode Yaya. Na bi hanyar Bagusaye, 1.0.1 ta sauka, amma da na rufe manhajar ba ta girka kanta ba.

Bagusaye: Sa electron-log, mai rubuta abin da manhaja ke yi, ka turo abin da ya rubuta. Ina zargin rufewar taka ɓoye ta kawai take yi kusa da agogo, ba fita take yi ba.