Abin da direbobi suka faɗa a kan tuƙin ganganci

Ranar Asabar muka zauna da wasu tsofaffin direbobin hanyar Kano zuwa Kaduna, hira ta kai mu kan halayen tuƙi. Abin da suka fi kuka da shi shi ne wuce mota a kan kwana ko gangare, inda ba ka hango mai tahowa. Sai kuma masu manne wa motar gaba suna danna hon. Shawararsu: ka bar tazarar da za ka ƙirga uku kafin ka iso inda ta gaban ta wuce, in ana ruwa ko hazo ka ninka. Tirela mai lodi kuwa ba ta tsayawa nan take, kada ka shiga gabanta ka taka birki.

Wani dattijo ya daɗe a kan fitila. Ya ce dalle wa mai tahowa fitila da dare rashin tausayi ne, domin ka makantar da shi na ɗan lokaci, kuma cikinku ba wanda ya tsira. Ni ma wannan ta fi damuna.

Waya, bel da sigina, an taɓa su a gurguje. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ƙayyade kilomita 50 a sa'a cikin gari, 100 a babbar hanya ga ƙananan motoci na gida. Direba mai lura, in ji su, yana duba madubi a kai a kai, yana sa ran ɗan adaidaita sahu zai tsaya ba sanarwa, kuma in barci ya fara fizgarsa ya faka ya huta.