Priz mai wifi: me zai iya ɗauka a gida, me ba zai iya ba?

Maman Hadiza:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ana ta tallar priz ɗin nan mai wifi da ake kunnawa da kashewa daga salula. Ina so in sa wa firigo, da injin tura ruwa zuwa tanki, da fitilar ƙofar gida. Wanne zai yiwu? Kuma in kuran ya tafi ya dawo, yaya yake yi?

Mai Gyaran Kuran:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki biya kuɗi, juya bayansa ki karanta lambar amfiya. Iri biyu ne suka fi yawa: mai 10A da mai 16A. Kuran ɗinmu volt 220 ne, don haka mai 10A iyakarsa watt 2200, mai 16A kuwa wajen 3500. Amma kar a cika shi har baki. Abin da zai daɗe yana ci, a bar shi a kashi 80 cikin 100 na wannan lamba, in ba haka ba robar ta ɗau zafi, bakin ya yi baƙi, balle a bazara da zafin Maradi ke wuce digiri 40.

Fitilar ƙofa ba ta da matsala ko kaɗan, in dai mai fulogi ce. In kuwa wayarta cikin bango take, ba priz kike buƙata ba, ƙaramin makunni mai wifi ne ake ɓoyewa bayan na bangon.

Injin ruwa shi ne mai wuya. Motar injin in za ta tashi tana fizgar kuran ninki uku zuwa shida na abin da aka rubuta a jikinta. Cikin priz ɗin akwai ƴan ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa. Tartsatsin wannan fizga yakan liƙe su. Ranar da suka liƙe, salula za ta nuna miki an kashe, inji kuwa yana can yana gudu, tanki na ambaliya a tsakar gida. Ƙaramin inji mai ƙarfin rabin doki, wajen watt 370, mai 16A zai ɗauke shi. Daga doki ɗaya zuwa sama a sa kontakta, wato babban makunni mai jure kuran da yawa: priz ya kunna kontakta, ita ta ɗauki nauyin. Kuma a sa makunni mai yawo a kan ruwa cikin tankin, don priz bai san ya cika ba, minti kawai yake ƙirgawa.

A lura da ƙafafu. Kayan da ke shigowa daga Kano ta Jibiya yawanci masu ƙafa uku ne masu faɗi, namu na bango kuwa mai rami biyu ne zagayayyu. Ɗora adafta mai rawa a tsakani shi ke kawo gobara.

Ɗan Zariya:
Ƙari kan abin da Malam ya faɗa. Yawancinsu wifi mai 2.4GHz kaɗai suke kamawa, ba sa ganin 5GHz, nan ne mutane ke cewa an sayar musu da mara kyau. A sauke manhajarsa, Smart Life ko eWeLink ko Tapo, gwargwadon abin da ke jikin kwalin. A danne maɓallin wajen daƙiƙa 5 har ƴar fitilarsa ta riƙa ƙyaftawa, sannan a sa lambar sirrin wifi. Amma wifin ya zama na zaune a gida. In na salularki ne kika raba masa, da kin fita kasuwa ya katse.

Batun ɗaukewar kuran: cikin saiti akwai inda ake zaɓar halin da zai tashi da shi, a kunne, a kashe, ko yadda yake kafin a ɗauke. Dutsen guga da abin ɗuma ruwa lallai a kashe. Wasu kuma agogonsu na ɓacewa har sai sun sake samun intanet, to jadawalin magariba da kika saita zai iya wucewa fitila ba ta kama ba.

Injiniya Mai Sanyi:
Hajiya, firigo dai ban ba ki shawara ba. Ba abin kashewa da kunnawa ba ne, kuma yaro ɗaya ya taɓa salula, naman layya ya lalace. Abin da yake so shi ne regilato mai jinkiri, wanda zai riƙe kuran minti 3 zuwa 5 bayan ya dawo, iskar cikin kwamfuresa ta daidaita. Priz ba ya gyara kuran mai rauni.

Inda yake biyan kuɗinsa shi ne ƙananan abubuwa. Maganin sauro na kuran a damina, ya kama bayan magariba ya mutu da asuba. Telebijin ta yara lokacin karatu. Abin ɗuma ruwa mai watt 1500 a lokacin ɗari: minti 30 kafin kiran salla, kilowatt-awa 0.75 ke nan a kwanta, wato mitar kuran. Mai auna ci, irin Tapo P110, zai nuna miki wane kaya ke cinye kuɗin.

Maman Hadiza:
Na gode, Allah ya saka da alheri. To fanka fa?

Injiniya Mai Sanyi:
Gwada ta tukuna. Kunna ta, zare fulogin daga bango, ki mayar. In ta ci gaba da juyawa, priz zai yi mata. In mai rimot ce ta tsaya tana jiran a danna, kashewa kawai zai iya.