Neman shawara: In kunna wa Babanmu fim ɗin Sing Sing saboda ƙanena?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kuma a sakaya sunana.

Ƙanena ya fito daga gidan yari wata biyar ke nan, bayan zaman shekara huɗu. Ba ƙage aka yi masa ba, ya aikata laifin, shi ma bai taɓa musantawa ba. Tun da ya dawo ya natsu, ya samu ɗan aikin hannu, ba ya fita da dare. Amma Baba ya ƙi sakin jiki da shi. Shekaranjiya ina zaune ya shigo gaishe shi, sai Baba ya miƙa hannu ya ɗauke wayarsa daga kan tebur ya zura a aljihu. Ƙanena ya gani. Bai ce uffan ba, ya ƙarasa gaisuwar ya fita. Duk alherin da ya yi sai Baba ya ce wasan kwaikwayo ne.

A makon nan na kalli Sing Sing, fim ɗin Amurka kan fursunonin da ke shirya wasan kwaikwayo a kurkuku. Akwai wurin da jarumin ya je gaban kwamitin da ke duba batun yi masa sassauci, yana bayanin yadda wasan ya gyara shi, sai wata daga cikinsu ta tambaye shi ko yanzu ma kwaikwayon yake yi. A nan na fashe da kuka, domin maganar Baba ce sak. Masu sharhin fina-finai sun yabe shi sosai, amma na karanta ra'ayin wasu 'yan kallo da ke cewa wanke masu laifi kawai aka yi, ba a ko waiwayi waɗanda aka cutar ba. Shi ne na rasa ta cewa. In kunna wa Baba ko zuciyarsa za ta yi sanyi, ko kuwa zan ƙara ɓata lamarin ne?

Wani mai bibiyar fina-finai:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah Ya daidaita tsakaninsu. Fim ɗin ba ƙirƙira ce zalla ba, kuma wannan ne ƙarfinsa. Sing Sing kurkuku ne na gaske a jihar New York, a bakin kogin Hudson, kuma shirin da aka nuna, wanda ake kira RTA (Rehabilitation Through the Arts, wato gyaran halin fursunoni ta hanyar wasan kwaikwayo da sauran fasahohi), a can aka kafa shi a 1996. Greg Kwedar ne ya ba da umarni, aka fara haska shi a bikin fina-finai na Toronto a 2023, ya shiga sinima a 2024. In ban da jarumin fim ɗin, Colman Domingo, da wasu ƙwararru kaɗan, akasarin waɗanda kika gani tsofaffin fursunoni ne da suka fito da sunayensu na ainihi. Abin da ya fi ɗaukar hankalin masu sharhi ke nan. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar a rukuni uku: gwarzon jarumi, tsara labari, da waƙa, ko da yake bai ci ko ɗaya ba.

Su ma masu ƙorafin suna da hujja. Fim ɗin bai tsaya kan abin da ya kai kowa ciki ba, kuma ba a nuna fuskar wanda aka zalunta ko ɗaya. Sannan jarumin da Domingo ya fito a matsayinsa, Divine G, an nuna shi a matsayin wanda aka ɗaure kan kisan da bai yi ba. Tausayin irin wannan mutum ba ya wa kowa wuya. Idan Baba ya kalla, abu na farko da zai ce shi ne: wancan ai ba shi da laifi, nawa fa? In har za ki nuna masa, ki ja hankalinsa kan Clarence Maclin, wanda ya yi shekara 17 a kan fashi, ya fito da sunansa, kuma yana cikin waɗanda suka tsara labarin. Shi ne ya yi kama da ƙanenki.

Wata uwa:

'Yata, ni ban kalli fim ɗin ba, amma na haifa, kuma na san abin da ke cin mahaifinku. Ba ƙiyayya ba ce. Mutumin da ɗansa ya ba shi kunya a idon duniya yana tsoron ya sake yarda a sake karya masa zuciya. Ranar da kika zaunar da shi gaban talabijin kina satar kallon fuskarsa, zai gane wa'azi kike masa, kuma babba ba ya son 'yarsa ta yi masa wa'azi a fakaice. Ki bar shi tukuna. Ki samu wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa, ya yi masa maganar wayar nan kaɗai. Ita ce ta fi ciwo.

Wani da ya taɓa zama a ciki:

Yaya, ni na yi shekara shida, don haka bari in yi magana a madadin ƙanenki. Kin tambaye shi kuwa? Duk zancen nan a kansa ake yi, amma ban ji inda aka nemi ra'ayinsa ba. Lokacin da na kalli fim ɗin sai da na tsayar da shi sau biyu. Ba faɗa ko duka ne ya taɓa ni ba, ai babu su sosai a ciki. Wurin da aka birkice ɗakin mutum da sunan bincike, aka bar masa takardunsa a warwatse yana tsincewa ɗaya bayan ɗaya, shi ne ya mayar da ni can. Kada ki kunna wa ƙanenki a gaban mutane. Ki ba shi labarinsa, in ya ce yana so, ku kalla ku biyu, in ya tashi a tsakiya kada ki bi shi da tambaya.

Game da Baba kuma, ni nawa sai da ya shekara biyu kafin ya aike ni da kuɗi. Da na dawo na miƙa masa canji, ya karɓa bai ƙirga ba. Na shiga ɗaki na daɗe ban fito ba. Babu fim ɗin da zai iya gaggauta wannan ranar, kuma ba na ganin laifin mahaifina da ya jira.

Wata malamar jami'a:

Ƙarin bayani kan alƙaluma, don za ki ci karo da su. Shirin RTA yana cewa ƙasa da kashi 3 cikin ɗari na waɗanda suka bi ta hannunsa ne ke komawa kurkuku. Wani binciken hukumar ƙididdiga ta ma'aikatar shari'ar Amurka da aka fitar a 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na fursunonin da aka saki a jihohi 30 an sake kama su cikin shekara uku. Tazarar tana da girma, amma ki lura, shiga shirin ganin dama ne, wanda ya kai kansa tun farko yana da niyyar canzawa. Saboda haka kada ki kai wa Baba kashi 3 ɗin a matsayin hujja. Tsoronsa ba shirme ba ne, kuma in kin nuna masa kin fahimci hakan zai fi sauraronki.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Wallahi ban taɓa tunanin tambayar ƙanena shi kansa ba, sai da ɗan uwan nan ya faɗa na ji nauyi. Jiya da dare na ba shi labarin fim ɗin har zuwa wurin kwamitin. Ya yi shiru, can ya ce in bari sai ranar da ba shi da aiki mu kalla tare. Baba kuwa na fasa kunna masa. Zan je wajen Baffanmu gobe in sha Allahu. Abin da ban sani ba, in gaya wa Baffa maganar wayar kamar yadda ta faru, ko in bar shi ya zo gidan ya gani da idonsa?