Neman kalma: surround da kiɗan da ke bin fim

Mai shirin fina-finai, Garwa, Kamaru: Assalamu alaikum. Jibi Juma'a da dare zan yi shiri a rediyo kan kiɗan fim, kalma biyu sun tsaya mini, ina neman Hausarsu. Ta farko surround, tsarin 5.1 na falo: lasifika uku a gaba, ta tsakiya ce ke ɗauke da maganar 'yan wasa, biyu ta baya, sai ta shida mai gurnani. Ta biyu kiɗan da ake tsara wa fim yana tafiya ƙarƙashin labari. In na ce waƙar fim, kowa zai ɗauka rawa da waƙa ce irin ta Kano ko Indiya. Alhali wannan kiɗan na fi ƙauna: in an raba shi da kyau, goge na tasowa daga bayanka, magana tana nan tsaf a tsakiya. In an cika gurnani kuwa, sai ya danne zancen, fim ya lalace.

Malamar Hausa, Marwa: Wa alaikumus salam. Na biyun kiɗan rakiya, don raka labari yake yi, ba ya shiga gabansa. Na farko sautin kewaye.

Baba Alhaji, Kusiri: Rakiya ta yi, Malama. Amma sauti Larabci ne, muna da amo. Ku ce amon ƙawanya. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Lamiɗo ran hawan salla ya san shi: kakaki a gaba, algaita a gefe, ganguna a baya, kai kana tsakiya.

Mai gyaran rediyo, Gaundare: Baba, a shagona ba wanda ya taɓa tambayar amo. Hom sinema suke cewa, lasifika kuma bafil.

Baba Alhaji: To shi ya sa mutanen Kano ke cewa Hausarmu ta gauraye da Faransanci da Fillanci. Mu nuna musu mu ma muna iya ƙera kalma.

Malamar Hausa: Ranka ya daɗe, su ma lasifika daga bakin Bature suka ɗauko ta. In za a kori sauti, sai a kori littafi da lokaci. Kuma ƙawanya sojoji ke yi wa abokan gaba, mafarauta su yi wa nama. Mai sauraro zai ji kamar kama shi za a yi.

Baba Alhaji: Kiɗa mai kyau ai kama mutum yake yi, 'yata.

Mai gyaran rediyo: Ga wata kuma. Tsarin sauti na Dolby Atmos da ya fito a 2012 yana turo sauti har daga sama. Kewaye da ƙawanya duk a ƙasa suke.

Mai shirin fina-finai: Wannan sai wani makon, mai gida. Na ɗauki kiɗan rakiya da godiya. Ɗayar zan ce sautin kewaye, in ambaci hom sinema sau ɗaya don 'yan kasuwa su gane. Baba, ka ba ni izini in kawo misalinka na ƙofar fada, ya fi duk bayanina.

Baba Alhaji: Ka kawo. Amma ni a gidana ƙawanya zan ci gaba da cewa.