Wane suna za mu ba "variator" da 'ya'yansa a Hausa?

Mai buɗe zancen, daga Pantami, Gombe:

Assalamu alaikum. Ina da babur irin wanda ba shi da giyar ƙafa kuma ba shi da sarƙa, wanda mutum ke murɗa totur kawai ya kama hanya, ba roba-robar nan da ake taka wa giya ba. Injinsa GY6 ne, ƙirar da Honda ta fara, kamfanonin Sin suka yi ta kwaikwayo. Da na ga yana nauyin tashi, musamman idan na yi goyo a hawan da ke fita daga cikin gari zuwa Tumfure, sai na kwance murfin gefen hagu a tsakar gida domin in ga inda ƙarfin yake maƙalewa.

Abin da na tarar fayafai ne biyu na ƙarfe masu tudu a tsakiya, suna fuskantar juna, bel yana tsakaninsu. A bayan ɗaya daga ciki akwai wasu ƙananan abubuwa shida masu nauyi, kowanne kwance a cikin kwarinsa. Idan injin ya ƙara juyi, sai juyin ya watsa su zuwa baki, su tura faifan ya matse bel, bel ɗin ya hau sama, a lokaci guda kuma wasu fayafai biyu da ke baya, wajen taya, su buɗe ya nutse a cikinsu. Haka giya take canzawa a hankali ba tare da haƙori ko ɗaya ba. Turawa suna kiran na gaban "variator", 'ya'yan nan shida kuma "rollers".

Na je wani shagon kayan babur, na yi ta kwatance da hannu, a ƙarshe aka miƙo mini takalmin kuloci. Tun ranar abin yake damuna, domin abin da ba shi da suna a bakinka ba ka iya sayensa, balle ka koya wa ƙanenka. Ni dai ina ganin a kira shi "faifan matsi". Me masana suka gani?

Amsar wani bakanike, daga Jekadafari:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mu a gareji "rola" muke cewa, kuma ban ga aibin aron kalma ba, tunda kuloci da giya da birki da totur duk aro ne, sun kuma zauna daram a bakin kowa. Amma "faifan matsi" yana da matsala, domin na baya ma matsi yake yi, har ya fi na gaba, tunda babban sifirin ne yake danne shi kullum. Idan ka aiki yaro da wannan suna, ba ka san wanne zai kwanto maka ba.

Game da aikin kuwa, ka fara duba rolar ko ta cinye ta gefe ɗaya ta yi fale-fale, ka kuma duba faɗin bel, domin sau da yawa tsufa ne ciwon. A irin injinka girman rola milimita 18 ne da 14, nauyinta kuma da giram ake faɗa. Mara nauyi tana barin injin ya yi juyi sosai kafin giya ta hau, sai babur ya yi zafin tashi amma ya ƙara ƙara da shan mai. Mai nauyi tana hawar da giya da wuri, injin ya yi shiru, amma ya yi kasala a tudu. Ka rage giram 1 kawai a karo guda, kada ka taɓa sifirin a ranar, kada kuma giris ko mai ya taɓa bel da cikin kwanon kuloci. Ƙananan sifirin uku na kuloci aikinsu daban ne: idan sun yi tauri, sai injin ya ɗaga murya kafin takalman su kama kwano.

Amsar wani dattijo, tsohon malamin Hausa, daga Bolari:

'Ya'yana, ku duka biyu kun yi magana mai ma'ana. Aro halal ne a harshe, sai dai kalmar aro takan zauna ne idan kunne ya daɗe yana jinta, ita kuwa "bariyeta" baƙuwa ce ko a wurin masu hawa babur ɗin. Asalinta daga kalmar da ke nufin sauyawa take, shi ya sa kamfanin DAF na ƙasar Holan ya sa wa irin wannan giya suna Variomatic a motar da ya fito da ita a 1958. Tunda daga faifan gaba sauyin yake tasowa, na baya amsawa kawai yake yi, ni sai in ce "faifan sauyi". Wannan ya kauce wa ruɗanin da bakanike ya nuna.

Inda na fi so ku tsaya ku yi tunani shi ne 'ya'yan nan shida. Gombe garin auduga ne, har yau muna da unguwar da ake kira BCGA saboda kamfanin audugar da ya zauna a wurin, kuma duk wanda ya tashi a gaban kakarsa tana kaɗi ya san gululu, wato dunƙulen yumɓun da ake sa wa mazari. Gululu ba ado ba ne, nauyinsa ne yake tsara yadda mazari zai juya, kuma mai kaɗi takan zaɓi mara nauyi idan siririn zare take so, mai nauyi idan mai kauri ne. Ga ƙaramin abu mai nauyi a jikin abin da ke juyawa, wanda ake canza shi gwargwadon aikin da ake nema. Na san na mazari a kafe yake, na babur kuwa yana gangarawa, amma suna ba ya ɗaukar dukan siffar abu, babbar siffar yake kamawa, ita ce kuwa nauyi. "Rola" gangarawar kawai take faɗa, ta bar abin da mai gyara ya fi bukatar sani.

Mai buɗe zancen:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, na janye "faifan matsi". Oga bakanike, na gode, kuma na yarda kuloci ya zauna a yadda yake, haka ma takalmi da kwano da sifirin. Dukan tsarin kuma ina kiransa "giyar bel", domin a bambanta shi da giyar ƙafa.

Jiya na sake kwance faifan sauyi, na tarar uku daga cikin gululun sun cinye ta gefe ɗaya kamar yadda aka faɗa mini. Na cire masu giram 14 na sa masu giram 13, ban taɓa sifirin ba, na riƙe faifan da abin riƙo na ɗaure noti sosai. Ƙanena yana tsugune kusa da ni, na ce ya miƙo mini gululu, ya dubi tiren kayan sau ɗaya ya ɗauko su duka shida.